Kagure Ba Ta Ƙirga Yara

Duk wanda ya tashi a tudun Gikoe ya san Kagure, don babu yaron da ya yi wayo a can bai tsoma hannu cikin ƙwaryarta ba. Gajeriya ce, kakkaura, muryarta kamar ta namiji, kuma igiyar kwandon ganyen shayi ta yi mata gurbi a saman goshi saboda daɗewa. Tsinkar ganyen ita ce sana'arta tun tana budurwa, amma ba da ita aka san ta ba. Shekara arba'in da ɗoriya ita ke jan wasannin ranar yara a cocin kan tudu, duk hutun watan Agusta, lokacin da hazon sanyi kan sauko daga dutse ya zauna wa mutane a ƙofar ɗaki har rana ta take. Babu wanda ya naɗa ta. Fastoci sun zo sun tafi, kowanne ya tarar da ita ya bar ta, wanda kuwa ya gwada gyara mata tsari bai ƙara ba. Yara da iyayensu duk Shosho suke ce mata, wato kaka, sai ka ce ita ta haifi uwar kowa.

Ranar yara ba ta canza kama. Yara su hauro daga tuddai huɗu, ƙafa duk jar laka, a cusa su kan bencuna a zauren coci mai rufin kwano. A yi waƙa, a yi haddar aya, a sha shayi mai madara. Sai Kagure ta fito gaba da ƙwarya a hammata, cikinta masara tafi ɗaya, wake tafi ɗaya. Mai son wasa ya fito ya rufe ido ya ɗauki ƙwaya. Wanda ya ɗauko masara ya shiga 'Yan Masara, wanda ya ɗauko wake ya shiga 'Yan Wake, su tsaya a gaban jama'a, na kan benci kuma su rabu biyu, kowa ya zaɓi waɗanda zai fasa wa maƙogwaro. Daga nan sai tseren buhu, sai gudu da dankali a cokali, sai cika kwalba da ruwan da ake ɗebowa a tafin hannu, a rufe da jan igiya. Rabin daɗin abin kuwa bakin Kagure ne.

"Kai, ɗan gidan Mureithi, kai ke tuƙa buhun ko buhun ke tuƙa ka? Ubanka ma a nan ya bar haƙorinsa, ka je gida ka ce ya yi maka dariya ka gani!"

"Waruguru, dankalin nan ba na miya ba ne, daina lasar baki ki yi gudu!"

Abu ɗaya ne ba ta yi, kuma ba a yi a gabanta: ba a ƙirga yara. A da ai ba sai an faɗa wa kowa ba. Tsofaffinmu ko awakinsu ba su ƙirgawa, kallon garke suke yi su san wadda ba ta dawo ba, in kuwa dole ta sa su faɗi goma game da mutane sai su ce tara da cikonta. Zamani ya shafe wannan a yawancin gidaje, amma bai shafe shi a bakin Kagure ba. Shekarar da ma'aikacin ƙidaya ya shiga gidanta da allonsa ya ce, "Mama, 'ya'yanki nawa?" sai ta ce, "Zo ka gani."

"Ai rubutawa zan yi, Mama."

"To rubuta, ta ce in zo in gani."

Ga yadda take daidaita 'yan wasanta. Ta jera Masara a nan, Wake a can, fuska da fuska, ta ce kowa ya kama hannun wanda ke gabansa. In gefe ɗaya ya yi yawa ta tura rarar ɗaya gefen, har hannaye su haɗu. Abin da ya kamata ya faru ke nan. Amma ko yara nawa suka fito, ko shekarar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya aka samu 'yan kaɗan, ko shekarar da zauren ya cika ya batse, sai a ƙare da Ɗan Masara guda a ƙarshen layi babu kowa a gabansa. Kuma yaron ba ya tsayawa yana waige-waige irin na wanda aka bari. Hannunsa a miƙe yake, yatsu a lanƙwashe, yana lilo da shi a hankali. A shekarun farko Kagure takan ce, "Ina abokinka?" yaron ya dube ta da mamaki ya ce, "Ga shi nan, Shosho." Daga baya ta daina tambaya.

Haka 'Yan Wake ke shiga wasa da giɓin mutum ɗaya kowace shekara, kuma ba a cika cinye su ba. A gudun dankali, in na ƙarshensu ya dawo, ba su yin tsallen murna nan take. Sai dukansu su zuba wa filin ido suna tafi, suna "Yi sauri! Yi sauri!" kawunansu na bin wani abu ya je bango ya dawo, daidai lokacin da ƙaramin yaro mai gajerun ƙafafu zai ɗauka, sannan su ɓarke da ihu. A jan igiya, jelar igiyar da ta rage bayan yaron ƙarshe ba ta kwanciya a ƙasa. Manyan da ke zaune a baya sukan ga wannan, su mai da ido kan kofin shayinsu. Wani dattijon coci ya taɓa cewa ai wake ya fi masara riƙe ciki, shi ya sa, aka yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar. Ƙanana ne kawai ke ganin abin da suke gani. Da zarar yaro ya gama famfara sai ya manta, in ka tuna masa ma ya ce sharri kake masa.

Kagure kanta ba ta taɓa ganin komai ba. Ta sha juyawa da sauri, ta sha satar kallo ta gefen ido, ba ta samun komai sai siminti da inuwar taga. Kuma a duk shekarun nan ba ta taɓa jawo yaro gefe ta ce ya faɗa mata kamannin abokin nasa ba. Tsoro take ji, ba tsoron a ce mata shi ne ba, tsoron a ce mata ba shi ba ne.

Tana da shekara tara abin ya faru, a zauren da aka rushe aka gina wannan a gurbinsa. Ƙanenta Kibe yana da shida, ɗan ƙiriniya mai gajerun ƙafafu, wanda ba ya barin gefen zanenta. An kawo wani baƙon malami ya yi wa yara wasanni, ya ce masu so su jeru. Kagure ta shiga layi a ƙarshe, ta hango Kibe a benci yana tsotsar yatsa, ta yafuto shi ta ce, "Zo ka tsaya bayana, matsoraci." Ya sheƙo da gudu ya tsaya. Malamin ya bi layin da rula yana ɗan taɓa kawuna yana ƙirgawa da ƙarfi, ƙidayar ta ƙare a kan Kibe. Wata tsohuwa a baya ta saki salati irin nasu, aka ce ta yi shiru, gidan Allah ne. Ranar Talata zazzaɓi ya kama Kibe, ranar Juma'a aka binne shi a gindin ayaba. Masu ilimi za su ce zazzaɓin ya kama yara da yawa a watan, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai sauran duk sun tashi.

A zaman makoki, tana raba wa mata ruwan wanke hannu, ta ji tsofaffi biyu suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ta ce ƙidaya kan wanda ta ƙare take ɗauka. Ɗayar ta ce da an samu mai hankali ya tsaya bayan yaron, aka sake ƙirgawa kafin rana ta faɗi, da ta tashi daga kansa ta koma kan wancan. Suka ga Kagure suka yi gum. Uwarta ba ta taɓa ɗora mata laifi ba, ko da kallo. Amma daga ranar har ta mutu ba ta sake aiken Kagure ta kira wani ba, ko kiran cin abinci ne, sai dai ta tashi da kanta.

Sauran rayuwarta irin ta kowa ce. Ta auri Wahome kafinta, mutumin kirki in bai sha ba, ta binne shi bayan shekara talatin tana masa faɗan da ta saba. Ta haihu, ta aurar, 'ya'yan suka watse birane. Ranar da ta fara karɓar wasannin yara ma ba shiri ta yi ba. Ta ga wata malama ta ɗaga yatsa za ta fara ƙirga, ta tashi da goyo a bayanta ta riƙe mata hannu, ta aika gida aka ɗauko ƙwarya. A ranar ne kuma aka fara samun Ɗan Masara mai riƙe da iska. Ta koma gida ta kasa cin abinci, amma ba baƙin ciki ba ne ya hana ta. Daga shekarar, watan Agusta ya zama watan da take jira, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa dalili ba, ko Wahome.

Da tsufa ya kama ta sai ɗanta na ƙarshe ya kawo mata 'yarsa Nyokabi ta zauna da ita, don shi da matarsa aiki ya yi musu yawa a Nairobi. Ba ita aka yi wa takwara ba, kakar yarinyar ta wajen uwa aka yi wa, kuma Kagure ba ta gajiya da yi mata gorin haka. "Ki je wajen mai sunan ta ba ki ayaba," in ji ta, tana ɓare mata ayabar. Yarinyar kan ce, "Ai ke ce mai gonar, Shosho, ita suna kawai gare ta." Gado ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. A shekarar da nake ba da labari Nyokabi ta cika shida, karon farko ke nan da za ta fita gaba ta yi wasa, kuma tun sati biyu kafin ranar take tsalle cikin buhun taki a tsakar gida tana firgita kaji.

A shekarar ne kuma aka ba Mwalimu Ndiritu, wato Malam Ndiritu, makarantar Lahadi. Ɗan Gikoe ne, ya je birni ya yi karatun koyarwa ya dawo da usur a wuya da takarda a hannu. Ba mugu ba ne, kada a zalunce shi, yana son yaran. An taɓa mance wani yaro a wajen taro a wata coci can ƙasa, shugabanni suka ce daga yanzu kowane taron yara a san adadinsu a rubuce. Ya je har gida ya gaya wa Kagure da ladabi, tana tsince wake a faifai.

"Shosho, ba raina ki na yi ba. Doka ce daga sama."

"Daga sama wajen Ubangiji, ko daga sama wajen masu taye?"

"Lissafi ne kawai, Shosho. Lamba ba ta cizo."

"Kai, Ndiritu, ni na share maka majina a zauren nan. Kana da shekara biyar kai ne ka tsaya ƙarshen Masara, ka ce mini abokinka hannunsa zafi. Ka manta?"

Ya yi dariya ya sosa ƙeya. "Yara ai ba abin da ba su faɗa."

"Rubuta sunayensu in kana so, suna ba ƙidaya ba ne. Amma kada ka ɗora hannu a kan ɗan kowa ka kira lamba. Ka ji ni?"

Ya ce ya ji, irin jin da yaran zamani ke yi wa tsofaffi.

Ranar Asabar ɗin da za a yi taron, hazon ya yi kauri har ba ka ganin shingen gidanka. Kagure ta tura Nyokabi gaba tare da yaran maƙwabta, ita ta tsaya kai ganyen safe rumfar awo, motar ɗauka kuma ta maƙale a laka ta ɓata mata lokaci. Ga gwiwa ta ƙi ba ta haɗin kai a hawan tudu. Tana tafe tana jin waƙa ta ƙare a sama, ta ji ƙarar kofuna, daga nan sai ta ji usur. Ta ƙara sauri, ƙwaryar na kaɗawa a hammatarta. Kafin ta ga ginin ma muryar Ndiritu ta iso ta cikin hazo, a sarari, da fara'a.

"Sha shida... sha bakwai..."

Ta kai bakin ƙofa tana haki. Ya gaji da jiranta, yara sun fara tsalle-tsalle, sai ya kira masu son wasa ya jera su layi ɗaya a gaba don ya raba su biyu daidai. Yana bin su yana dafa kawuna. Nyokabi ce ƙarama a cikinsu, manya sun ture ta baya, tana ƙarshen layi cikin jar rigar sanyi, ta ɗaga haɓa tana jiran hannun ya iso kanta.

"Sha tara... ashirin! Madalla, goma-goma ke nan."

Kagure ta tsaya cak a bakin ƙofa. Tsofaffin matan da ke bencin baya su ne suka fara juyowa suka dube ta, sannan suka sunkuyar da kai. Nyokabi ta hango ta ta ɗaga hannu tana murna. "Shosho! Ni ce ashirin!"

Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba, abin da ya ba waɗanda suka san ta tsoro ke nan. Ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa, ta tako tsakanin bencuna a hankali tana jan ƙafa. Tsoro take ji, don ba ta gaji da duniya ba, tana son shayinta da gonarta da rigimar rumfar awo. Amma shekara sittin da wani abu tana riƙe da maganar tsofaffin nan biyu, ta san abin da za ta yi tun kafin ta kai gaba. Ta wuce Ndiritu, ta bi layin har ƙarshe, ta tsaya bayan Nyokabi ta dafa kafaɗunta.

"Mwalimu, lissafinka bai cika ba. Sake ƙirgawa."

Zauren ya fashe da dariya. Wani yaro ya yi ihu, "Shosho za ta shiga buhu!" Wani ya ce, "A kawo buhun masara babba, na taki ba zai ɗauke ta ba!"

Ndiritu ya yi murmushin jin kunya. "Shosho, ke da kika ce..."

"Na ce ka sake. Daga farko, da ƙarfi, kuma ka taɓa kowa. Ko karatun naka bai kai ashirin da ɗaya ba?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya koma farkon layi don a zauna lafiya. Yaran benci suka kama ƙirgawa tare da shi suna tafi. Kagure ta rufe ido. Tana jin lambobin suna matsowa, tana jin ɗumin kafaɗun yarinyar a tafinta, tana roƙon Allah a zuci kada ya ɗauki abin da take yi a matsayin shirka, in ma ya ɗauka to ya ɗora mata ita kaɗai. A wajen sha biyar ta lura tafin ya ragu. Manyan yara na ci gaba, amma ƙananan bencin gaba sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe ido ta gan su sun zuba ido, ba a kanta ba, a ɗan bayanta.

"Ashirin," in ji Ndiritu a kan Nyokabi. Ya ɗora hannu kan ɗankwalin Kagure da ladabi. "Ashirin da ɗaya."

Ta sauke numfashi. An gama, ta karɓa.

Sai hannun Ndiritu ya zame daga kanta ya yi ƙasa ta bayanta, kamar yadda hannu kan yi in ya saba da bin layi, ya tsaya cak daidai ƙugunta, tafin a kife, a kan babu.

"Ashirin da biyu," in ji bakinsa.

Babu wanda ya yi dariya. Ana jin ɗigar raɓa daga bakin kwano a waje. Ndiritu ya tsaya da hannu a miƙe, yana kallonsa kamar na wani, murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Sannan ya fizge hannun ya cusa a hammata.

Kagure ba ta juya ba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, da muryar da ba a taɓa jin ta da ita ba, muryar yarinya mai faɗa da ƙanenta. "Wa ya kira ka? Wannan karon ban kira ka ba. Fita daga layin nan!" Ta juya da sauri ta ce wa Ndiritu, "Sake! Sake ƙirgawa!" Amma ya girgiza kai ya ja da baya, ya cire usur ɗin daga wuyansa ya ajiye kan tebur. Ko da wuƙa aka sa masa a wuya ranar ba zai sake kiran lamba ba.

Matar fasto ce ta ceci taron. Ta tafa hannu ta ce, "To, Shosho, ki raba mana su yadda kika saba, yara na jira." Aka miƙo ƙwaryar. Kagure ta fita daga layi, yara suka ɗauki ƙwaya, ta jera su fuska da fuska. Kowa ya kama hannun na gabansa. Ta bi layin har ƙarshe ta tarar hannaye sun haɗu cif, babu rara, karo na farko tun da ta fara wannan aiki. Matar fasto ta ce, "Yau dai abu ya yi daidai," ta ga fuskar tsohuwar ta haɗiye sauran maganar.

An yi wasannin duka. Nyokabi ta faɗa cikin 'Yan Wake, ta yi tseren buhu ta faɗi sau biyu ta tashi tana ƙyalƙyala dariya. A gudun dankali na ƙarshensu na dawowa suka yi tsalle nan take, babu wanda ya jira kowa. A jan igiya jelar ta ja ƙasa tana share ƙura, 'Yan Masara suka kwashe su cikin numfashi uku. Kagure ta yi ƙoƙarin tsokanar yara yadda ta saba, ta fara, "Kai, ɗan gidan..." sai ta manta ɗan gidan wane ne.

Ana rabon dafaffen masara da wake Ndiritu ya same ta a bayan zaure, zaune kan dutse. Har yanzu hannun na hammatarsa. Ya durƙusa a gabanta yadda bai yi ba tun yana yaro.

"Shosho, wane ne?"

"Me ka taɓa?"

"Kan mutum ne. Kan yaro. Sabon aski, gashin na sukar tafina."

Kagure ta san askin nan. Ita ce ta riƙe wa Kibe kai ranar Juma'ar da uwarsu ta yi masa askin, don ya je taro da tsabta, yana ta zillewa.

"Da zafi?" in ji ta.

"Da farko. Sai ya huce ina taɓe da shi." Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Shosho. Ban sani ba."

"Tashi ka je ka ci abinci, ɗana. Yara na kallonka."

Gara in faɗa tun yanzu don hankalin kowa ya kwanta: ko mura Nyokabi ba ta yi ba a makon, tana nan da ranta, ma'aikaciyar jinya ce a Nyeri. Kagure ma ta ƙara shekara bakwai a duniya. Ta san haka za a yi tun kafin ta tashi daga kan dutsen nan, kuma ta gode wa Allah da zuciya ɗaya, don da za a sake ba ta zaɓi yarinyar za ta zaɓa. Amma godiya ba ta hana ciwo.

Da la'asar hazon ya ɗage, rana ta fito kan gonakin shayi. Suka kama hanyar gida su biyu, Nyokabi na gaba tana tsalle tana ba da labarin yadda 'Yan Masara suka yi maguɗi, wai ƙatti aka ba su. A gangaren da ke kusa da rafi Kagure ta tsaya kamar mai hutar da gwiwa. Ta kira yarinyar, ta riƙe mata hannu, ta yi tambayar da ba ta taɓa yi wa wani yaro ba.

"Nyokabi, duba mini bayana. Akwai wani?"

Yarinyar ta leƙa ta dama, ta zagaya ta leƙa ta hagu. Ta dubi hanyar har can sama inda rufin coci ke ƙyalli, ta daɗe tana dubawa da gaske, don ta ga tambayar ba ta wasa ba ce.

"Babu kowa, Shosho."

"Duba da kyau. Ɗan ƙarami ne, kamar ke."

"Na duba. Mu kaɗai ne."

Kagure ta zauna a bakin hanya cikin jar laka, da zanen cocinta, ta yi kukan da ba ta yi ba tana da shekara tara. Nyokabi ta tsaya a kanta ta rasa abin yi, can ta tsuguna tana shafa mata baya.

"Yi haƙuri, Shosho," in ji ta. "Baɗi mu za mu ci."